Takardar Jikin Firij

Ranar da gashin Antin Sama ya dawo, ranar aka daina tausayinta a gidanta. Ni ina hawa na biyu, ita tana na uku, kuma duk abin da zai je wurinta sai ya bi ta ƙofata, daga buhun shinkafa har gulma. Tela ce ni. A buɗe ƙofata take yini saboda haske da masu kawo ɗinki, shi ya sa yaran gidan suke ce mini Maman Keke, shi ya sa kuma na ga abin da zan faɗa.

Ciwon daji ne ya kama ta a nono. An yi mata aiki, aka bi da wani magani mai zafi da ya zubar mata da gashi har na gira. A watannin nan kam an yi mata gata, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Mijinta malamin tuƙi ne, Malam muke ce masa, har wanke-wanke na ji yana yi, ya fasa faranti huɗu. Ƙanwarsa Gwaggo, mai shagon gyaran gashi a bakin titi, kullum sai ta zo ta kula da uwarsu Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye, shekara uku tana kwance a ɗakin gaba. 'Ya'yansu biyu suna makarantar kwana.

Sai aka sauya magani. Shi ma sabon ta jijiya ake sa shi kamar ƙarin ruwa, sau ɗaya duk mako uku, ranar Talata, har sau goma sha takwas. Antin Sama ta yi mini bayani yadda nas ta yi mata: na farkon duk wanda ya tarar a jiki yake duka, wannan kuwa ƙwayoyin ciwon kawai yake farauta, yana da alamar da yake gane su da ita. Shi ne zai tsare mata hanya kada ciwon ya dawo, in har ta kai ƙarshensa. Ta ce mini, "Maman Keke, sha takwas ɗin nan nake so in cika. Ina so in ga yaran nan sun gama makaranta, ba wani dogon buri gare ni ba."

An haɗo ta da takardar bayani, falle ɗaya, rubutu gaba da baya. Malam mutum ne mai son tsari. Ya samo salatif ya manna ta a jikin firij, kusurwa huɗu, gaba yana kallon jama'a, baya yana kallon firij.

Ina nan ranar da aka yanke hukunci, na hau kai mata riga. Gwaggo ta zame mata ɗankwali ta cusa yatsu cikin gashin kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Yaya, zo ka gani. Wallahi ya fi nawa ƙarfi. Ni da nake sayar wa masu wannan ciwon gashin kanti, na san kan mara lafiya in na gan shi. Wannan kan ya warke."

"Sau huɗu fa kawai aka yi, Gwaggo," in ji Antin Sama. "Saura sha huɗu."

Malam ya tashi ya je gaban firij, ya ɗora makullin mota a kan wani layi, ya karanta da irin muryar da yake koya wa ɗalibai alamomin hanya: "Yawancin masu karɓar wannan magani suna ci gaba da ayyukansu na yau da kullum." Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba ni na rubuta ba. Likitoci ne."

Daga ranar Gwaggo ta yi ritaya. Ta ce za ta riƙa zuwa ranar ƙarin ruwa kawai, Talata ɗaya cikin uku, shi ma don Allah. Malam ya bar faranti suka huta.

Bari in faɗi abin da ake kira ayyukan yau da kullum a hawa na uku. Ana juya Inna duk awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Ana ɗaga ta a yi mata wanka, a ɗora ta a kan fo, a sauke ta, a ba ta abinci a baki, a ba ta magani kala biyar kowanne da lokacinsa. Zanen gadonta sau biyu ake canzawa a rana, wani lokacin uku. Ruwan famfo kuwa ba ya hawa sama daga safe sai bayan la'asar, sai a sauka tsakar gida a ɗebo. Matakala arba'in da biyu ce, na san adadinsu don gwiwata ta ƙirga. An hana Antin Sama ɗaukar nauyi da hannun dama, ɓangaren da aka yi aikin, saboda haka bokiti ɗaya take ɗauka a hagu, tafiyar ta zama ninki biyu. Wannan dokar kam ba wanda ya hana ta bi.

Da farko wucewa take yi ta ƙofata kamar iska, sai dai in ji "Sannu da aiki, Maman Keke" daga sama. Wajen zagaye na bakwai ta fara tsayawa ta gaishe ni sosai, ta tambayi ɗinki, ta yaba yadin mutane. Na ji daɗi, na ɗauka hirata ce ta yi daɗi. Sai da na lura ba ta iya kai ƙarshen magana ba tare da ta yanke ta biyu ba.

"Lafiya kuwa, ƙanwata?"

"Numfashin ne. Kamar wani ya zauna mini a ƙirji." Ta ajiye bokitin ta jingina da bango. "Yana cikin takardar. A baya."

Ashe ta haddace bayan takardar tun ranar da nas ta karanta mata. Da yammacin ranar ta ɓare salatif ɗin, ni ina tsaye a bakin ƙofarsu da sunan aron ashana, ta karanta wa Malam yana shan shayi: "Wannan magani yana iya raunana zuciya. Za a riƙa yi miki hoton zuciya duk wata uku. Idan numfashi ya fara yi miki wuya, ko ƙafafunki suka kumbura, ko kina tari in kin kwanta, ki zo asibiti nan take. Kada ki jira ranar ƙarin ruwa."

Malam ya saurara har ƙarshe, don shi mutum ne mai adalci. Ya kurɓi shayi.

"Me aka ce? Yana iya. Mota ma tana iya faɗuwa, kin ga an daina shiga? Waɗannan abubuwan suna rubuta su ne don kada a kama su da laifi. Ni kaina in na hau benen nan haki nake yi, sai in tafi asibiti?"

Ya karɓi takardar ya mayar da ita jikin firij yadda take, ya ƙara salatif a tsakiya. Ya ce bayan nan ba abin da yake yi sai ɗaga wa mutum hankali, kuma tashin hankali shi ne babban ciwo.

Hoton zuciya na uku ya faɗo ranar Alhamis. Na biyun farko sun fito lafiya, kuma wannan ma ya zama hujja a hannun Malam: an duba sau biyu ba a ga komai ba, me ake nema kuma? Duk da haka Antin Sama ta shirya tun safe, ta sa mayafi ta zauna jiran wanda zai karɓe ta. Gwaggo ta bugo waya ta ce Alhamis ranar cika ce a shago, kawuna shida ke jiran ta, kuma ita Talata ta yi alkawari. Malam yana da ɗaliba mai jarrabawar tuƙi, matar da ta faɗi sau biyu, in ya bar ta yau to har abada ba za ta ci ba.

Na tare shi a matakala na ce, "Malam, ni zan zauna da Inna. Awa uku ne, keken ba zai gudu ba."

Ya yi mini godiya har da dafa ƙirji. Sannan ya ce, "Amma Maman Keke, kin san larurar Inna. Uwata ba abin kallon maƙwabta ba ce. Muna da rai, a ce bare ne yake ɗora ta a fo? Me za a ce da mu?"

Wato abin da za a ce da su ya fi nauyi. Ya sauka yana kaɗa makulli. Bayan rabin awa na ji Antin Sama ta sauko da bokiti, ta cire mayafin amma ta manta da ɗan kunnen fita a kunnenta.

Ranar zagaye na tara Malam ne ya kai ta, don yana da ɗalibi a wannan ɓangaren garin. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Tun a mota ya ja mata kunne. Ya ce ya san halin mutanen asibiti, da ka ce uhm sai su ba ka gado, to in suka kwantar da ita Inna fa? Ita kuma tana da nata tsoron, kada ta faɗa a ce an tsayar da maganin. Da suka shiga ɗakin ƙarin ruwan, mai kujeru a jere kowa da ƙarfen rataye leda a gefensa, nas ta buɗe fayil ta ɗaure fuska.

"Ina hoton zuciya?"

"Za a yi, Sista," in ji Malam. "Uzuri ne ya taso."

"Ga sabuwar rana, Alhamis mai zuwa. In ba hoto ba zan sa na goma ba, ku ji da kyau." Ta juya wurin Antin Sama. "Numfashi fa? Kumburi? Tari?"

Malam ya yi dariya. "Wannan? Hawa uku take yi da bokiti sau takwas a rana. Ni ya kamata ki tambaya numfashi."

"Ita na tambaya."

Antin Sama ta dubi mijinta, ta dubi ledar maganin da aka riga aka rataye. Ta ce, "Da sauƙi."

Aka soka allura a bayan hannunta na hagu, maganin ya ɗiga awa guda. Ta ce mini awar nan ita ce kaɗai a cikin mako uku da take zama ba wanda ya kira ta, har ba ta so ledar ta ƙare.

Kwana biyar bayan haka ta kawo mini siket biyu a buɗa mata. Na ɗauko tef na zagaya ƙugunta: ya ƙaru da inci uku a kan awon da na yi mata wata biyu da suka wuce. Na auna damtsenta, ya ragu. Shekara ashirin da shida ina auna mutane, ban taɓa ganin ƙibar da take cika ciki ta bar hannu ba. Na dubi ƙasa, sai na ga silifas ɗin Malam ne a ƙafarta, nata ya daina shiga. Na danna idon sawunta da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Ki ɗinka mini matashi babba ma," in ji ta. "In na kwanta tari ne. A kujera nake barci yanzu."

"Malam ya sani?"

"Ya ce tarin yana hana shi barci, kujerar ta fi."

Gwaggo ta shigo mana a kan haka, ta zo karɓar wuyan riga. Ta kalli tef ɗin a hannuna ta tafa.

"Ba na faɗa ba? Ƙiba ce! Hutu ya karɓe ki, matar Yaya. Mu da muke tsaye a kan mutane daga safe har yamma ina muka ga ta ƙiba? Ki rage gishiri kawai, ki riƙa ɗora ƙafar a kan kujera."

"Yaushe za ta ɗora ta?" na tambaya.

Gwaggo ta ce wuyan rigar ya yi faɗi, in rage shi.

A duk gidan Inna ce kaɗai ta ji abin da kunne, don ita ake rungumewa a ɗaga. Wata safiya na hau kai matashin, na tarar Antin Sama tana juya ta, Malam yana ɗaura agogo a bakin ƙofa. Bakin Inna ya karkace amma maganarta tana fita.

"'Yar nan, ƙirjinki yana ƙara kamar tukunya a wuta. Kai, ka kai ta a duba ta."

"To, Inna," in ji Malam. Da ya fito falo ya rage murya ya ce mini, "Tsufa ke nan. Jiya ma ce mini ta yi agogon bango yana kiran ta." Daga ciki Inna ta ce a gyara mata matashin, ya yi tudu, Antin Sama ta sake sunkuyawa.

Alhamis ta biyu an yi shiri na gaske. Malam ya ce ya yi magana da Gwaggo da babbar murya, za ta zo ƙarfe tara. Antin Sama ta sake sa mayafi. Tara ta yi, goma ta yi. Ƙarfe ɗaya da kwata Gwaggo ta hau da ledar lemo a hannu, ta ce wata ce ta zo da gashi ya cuɗe, rabin kai a tsefe, ba yadda za a yi ta kore ta haka. Masu hoton suna tashi sha biyu. Washegari asibiti suka bugo waya, amma lambar Malam ce a kan katin. Ya gaya musu lafiyarta ƙalau, har ƙiba ta yi, za su haɗa hoton da ƙarin ruwan ranar Talata a huta da zirga-zirga. Ya dawo gida yana ba da labarin yadda ya sauƙaƙa wa kowa.

A makon ƙarshe ba ta iya kaiwa ƙofata a tashi ɗaya. Tana tsayawa a tsakiyar hawa na farko, ta tsaya a wurina, ta sake tsayawa a sama. Bokitin ma rabi take cikawa, wato tafiyar ta sake ninkuwa. Na fara karɓar mata ina kaiwa bakin ƙofarsu, har Malam ya gan ni ya ce in bari don Allah, kada in saba mata, motsa jiki yana cikin magani.

Ranar Asabar na ce mata, "Tashi mu tafi yanzu. Ni zan kai ki."

"Inna fa?"

"A kulle ta awa biyu, ba abin da zai same ta."

"In ta sarƙe da yawu fa? Bari dai Talata ta zo, Maman Keke. Kwana uku ne."

Na ji haushi ƙwarai. Sannan na koma kan kekena na ci gaba da ɗinki, don akwai rigar da aka ce Lahadi ake so. Wannan shi ne nawa kason, kuma ba ni da takardar da zan nuna in ce ba ni na rubuta ba.

Talatar ba ta zo ba. Litinin wajen sha ɗaya na safe na ji ƙarar bokiti yana gangarawa, yana dukan matakala ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya shigo mini har ƙarƙashin keke. Na fita na same ta zaune a kan matakala, ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, baki a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Tana so ta yi magana. Na kai kunne, sai na ji tana cewa, "Bokitin."

Ban tambayi kowa ba wannan karon. Na sauka na tare tasi, ni da direban muka ɗauke ta. A hanya na kira Gwaggo na ce uwarta tana sama ita kaɗai, ƙofa a buɗe, in ta ga dama ta je. Cikin minti goma ta isa, ashe shagon yana rufuwa. Na kira Malam, ya ce yana tsakiyar darasi a babban titi, ba zai bar ɗalibi da sitiyari ba, amma in riƙa sanar da shi.

A asibiti ba su tsaya tambayar kati ba. Suka sa mata abin numfashi a fuska, suka yi mata allurar da za ta fitar da ruwan, suka turo na'urar hoton zuciyar har bakin gadonta. Abin da aka yi wata guda ana neman ranarsa, minti ashirin ya ɗauka.

Malam ya iso bayan la'asar da ledar ayaba. Likitar, wata mace mai furfura da ba ta da lokacin kwana-kwana, ta zo ta tsaya a ƙarshen gadon.

"Tun yaushe numfashin ya fara?"

Antin Sama ta ɗaga yatsu bakwai.

"Kwana bakwai?"

Ta girgiza kai.

"Mako bakwai," na ce.

Malam ya riƙe baki. "Mako bakwai! Ke kuwa me ya sa ba ki faɗa ba? Likita, matsalarta ke nan, zurfin ciki. Mutum yana gida ɗaya da ita amma sai ya ji a bakin maƙwabta."

Na buɗe baki, Antin Sama ta kama gefen zanena ta ja. Na yi shiru. Har yau ina jin zafin shirun nan.

Likitar ba ta ko kalle shi ba. Da Antin Sama ta yi magana. Ta ce zuciyar ta yi rauni sosai, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Ta ce wannan abu ne da suka san maganin yana yi wa wasu, don shi ake yin hoton. Da an zo a makon farko, ko da an yi hoton a ranarsa, dakatarwa za su yi na ɗan lokaci, su ba zuciyar magani ta farfaɗo, a ci gaba.

"Yanzu kuwa ba zan sake sa miki shi ba. Zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

Antin Sama ta janye abin numfashin. "Tara aka yi."

"Na sani."

"Saura tara."

"Na sani. Kuma yana yi miki aiki, shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Za mu yi jinyar zuciyar, mu sa ido a kan ciwon. Abin da ya rage mana ke nan."

Ba ta yi kuka ba, ina jin ba ta da numfashin yin sa. Ta juya fuska ga bango. Ni ce na yi mata, a tsaye, kamar wata sakarya, ina goge hanci da gefen mayafi.

Malam ya yi gyaran murya. "Allah ya sa hakan shi ne alheri. Likita, kamar kwana nawa za ta yi a nan?"

"Sai yadda muka gani."

"A'a, don a san yadda za a tsara gida ne."

Likitar ta dube shi a karon farko, tun daga hula har takalmi, ta rufe fayil ta wuce gado na gaba.

Ba wanda ya doki matar nan. Ba wanda ya zage ta ko ya hana ta abinci, kuma in ka tambayi unguwa za a ce maka Malam mutumin kirki ne, ya tsaya wa matarsa a kan ciwo. Kowa yana da dalilinsa mai kyau, ɗaya ɗaliba, ɗaya kai rabi a tsefe, ɗaya mutuncin uwa, ni kuma rigar Lahadi. Da waɗannan dalilan aka cinye mata rabin maganin da zai raya ta, kuma ba wanda za a kama.

Wayar Malam ta yi ƙara. Gwaggo ce, muryarta har gadon maƙwabta. Inna ta ƙi cin abinci, ta ce hannun Gwaggo ƙarfe ne. Ga kwalaben magani biyar a kan tebur ba ta san na yaushe ne na yaushe ba, kuma ita fa gobe tana da mutane. Malam ya ce ta kwantar da hankali. Ya zaro ɗan littafin da yake rubuta kurakuran ɗalibai, ya cire murfin biro da haƙori, ya matso da kujera.

"Maman yara, daure ki faɗa mini na Inna. A hankali, kada ki wahalar da kanki."

Ta juyo. Ta sake janye abin numfashin, ta fara, kalma biyu ta huta, kalma uku ta huta. Fari ƙarami da safe, kafin abinci. Ja bayan abinci, a daka shi a cokali don ba ta iya haɗiya. Kada a ba ta ruwa tana kwance. A juya ta duk awa biyu, a duba bayanta da ƙugunta, in an ga wuri ya yi ja a shafa mai.

Malam yana rubutawa da kyau, yana sa lamba a gefen kowanne.

"In ka ji numfashinta ya sauya," in ji ta, "ko ka ga ƙafarta ta kumbura, kada ka jira gobe. Ka kawo ta."

"Haba, wa zai jira?" in ji Malam, bai ɗago kai ba. "Wannan ai ba abin wasa ba ne. Sai me?"

Nas ta zo ta mayar mata da abin numfashin a fuska, ta ce maganar ta isa haka. Malam ya gyara zama da biro a hannu yana jiran ta samu numfashi, don ba ta faɗa masa na yamma ba tukuna.